Kafin a jefar da tsohuwar kwamfuta, a duba bayan gilashinta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarku domin ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ƙananan ƴan kasuwa na nan Maradi, waɗanda ke son kwamfutar tafi-da-gidanka amma aljihu bai kai sabuwa ba. A rumfunan gyara akwai tsofaffin kwamfutoci jibge, wata gilashi ya fashe, wata uwar, wato babban faifan cikinta da sauran kayan ke haɗe da shi, ta ƙone, wata kibod ne ya mutu. Daga gawa biyu ko uku ana tada guda mai lafiya, har a sa mata fuskar da ta fi wadda kamfani ya sa mata. Sai dai kuɗin mutane na yawan salwanta a wuri ɗaya: ana sayen gilashi kafin a san irin bakin da uwar kwamfutar take magana da shi.

Ba kowace kwamfuta ce ta cancanci wahalar ba. Masu sheƙin nan na araha, yawancin kayansu a like suke da dalma, kaɗan ne za ka iya canzawa. Waɗanda aka ƙera domin ofisoshi, irin su ThinkPad na Lenovo da Latitude na Dell, su ne ke kwancuwa da sukuddireba. A cikinsu za mu tsaya kan ThinkPad uku: T420 ta 2011, T430 ta 2012, da T440p da ta biyo bayansu. Duka inci 14 ne, kuma ƙwaƙwalwarsu, wato furosesa, a soket take, ana cire ta a sa wata. A lura da harafin p ɗin nan. T440 da T440s ƴan uwanta ne a suna kawai, tasu ƙwaƙwalwar a like take.

In za ka sayi mai fasasshen gilashi, kada ka biya sai an jona ta da wata fuskar ta bakin VGA ka ga hoto ya fito. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a gaban mai sayarwa. In ta nemi kalmar sirri ta mai gida kuma ba wanda ya san ta, ka bar masa kayansa.

Yanzu ga inda maganar take. Yawancin waɗannan na'urori sun zo da irin gilashin da ake kira TN, mai ɗigo 1366 sau 768, ɗigo miliyan ɗaya da ƴan kai ke nan. Ka ɗan karkata kai, launi ya juye, baƙi ya koma toka-toka. Gilashin IPS mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo sama da miliyan biyu, kuma mutum uku za su zauna kan tabarma su kalle shi daga gefe launi bai gudu ba. Ga mai lissafin kaya a Excel ko mai rubuta kundin kammala karatu, wannan canjin ya fi a ƙara masa gudun inji amfani.

Hanyar da uwa ke aika hoto zuwa gilashi iri biyu ce. Tsohuwar ita ce LVDS, galibi da baki mai haƙora 40, ita ce a T420 da T430. Sabuwar ita ce eDP, galibi mai haƙora 30, ita ce a T440p. Harsuna biyu ne da ba sa jin juna. Abin da ke ruɗa mutane, akwai kuma eDP mai haƙora 40, na gilashin da ake taɓawa ko masu ɗigo da yawa ƙwarai, kuma a ido kamar LVDS yake. Shigar baki cikin baki ba shaidar dacewa ba ce. Wutar fitilar da ke haska gilashin tana iya bi ta haƙorin da aka tanada domin hoto, gilashi ya tafi, wani lokaci har da uwar.

Saboda haka T440p ta fi sauƙi. Gilashin IPS mai inci 14, siriri, eDP haƙora 30, yana zama kai tsaye da wayar da ke ciki. B140HAN01.3 na kamfanin AUO yana cikin waɗanda aka daɗe ana sa mata. T420 da T430 kuwa, in ba a son ƙarin kaya, iyakarsu 1600 sau 900, shi ma sai an canza wayar gilashin, domin ta 1366 layi ɗaya take ɗauka, wannan kuma biyu yake so. In aka bar tsohuwar wayar sai hoto ya fito a yamutse ko da zane-zane tsaye. Mai son 1920 a kansu sai ya sayi ɗan faifan da ke juya LVDS zuwa eDP, a cusa shi cikin jiki. Yana aiki, amma marasa kyau suna sa hoto ƙyaftawa, kuma kuɗin faifan da na gilashin in an haɗa kan sa mutum ya ce da ma T440p ya nema tun farko. ThinkPad X230 ƙarama kuwa sai an yi liki da dalma a kan uwar, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Kafin ka aika saƙo Kano ko ka ba wanda zai taho da kaya daga Dubai ko Sin, ka buɗe ka karanta takardar da ke bayan tsohon gilashin. Sunan kwamfuta kaɗai ba ya isa, domin samfuri ɗaya kan fito da gilasai daban-daban. Ka ɗauki hoton lambar da na bakin. Ka duba ko bakin yana dama ko hagu, domin wayar ba ta da rarar tsawo. Ka duba kunnuwan da ake ɗaure kusoshi, sama da ƙasa suke ko babu su sam. Sababbin gilasai da yawa ba su da kunne, da gam mai fuska biyu ake manna su. Ka kuma nemi mai dishi-dishi, kada ka karɓi mai ƙyalli. A hasken ranar Maradi mai ƙyalli madubi ne kawai. Masu sayarwa sun saba turo "wanda ya yi daidai da shi" maimakon lambar da aka nema, shi ya sa ake cewa a turo hoton bayan gilashin kafin kuɗi su fita. Kayan da ya ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa, mayar da shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Wajen sawa, kuskure ɗaya ya fi kowane kashe aiki: barin batir a jiki. Ko kwamfuta a kashe take, akwai wuta a haƙoran fitilar gilashi. Waya ta ɗan shiga a karkace, haƙora biyu su haɗu, ɗan fiyus ɗin da ke kan uwar ya tsinke. Alamarsa, kwamfuta ta tashi, fuska baƙa ƙirin, amma in ka haska tocila ka ga hoto can ciki kamar inuwa. Sai a cire caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi. T440p batirinta na waje ne kaɗai, amma T440s tana da na biyu a ciki wanda ake kashewa ta BIOS. Firam ɗin roba da farce ko tsohon katin waya ake ɓalle shi daga ciki, kada a sa ƙarfe. Kusoshi huɗu ke riƙe da gilashin. A kwantar da shi kan kibod bisa ƙyalle, a ɗaga salatif ɗin bakin, a zare wayar a miƙe. A gwada sabon kafin a mayar da firam. In rubutu ya yi ƙanana, a ɗaga girmansa zuwa kashi 125. Wasu daga cikin waɗannan na'urori kan ƙi rage haske ko ƙara shi a Windows in gilashin ba mai lambar Lenovo ba ne, a gwada wannan ma tun mai kawowa bai yi nisa ba.

Sauran kayan ba su da wuya. A sa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai, guda biyu masu giga 8, jimla 16, amma T440p DDR3L take so mai bolt 1.35; in aka sa mata tsohuwar mai 1.5 kaɗai ba za ta tashi ba. A cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa wanda ba ya juyawa, wato SSD, mai bakin SATA, inci 2.5, ko mai giga 256 ne.

Kan ƙwaƙwalwa muna da ra'ayi. Matasa na rububin sa wa T440p i7-4800MQ saboda suna, alhali wat 47 take ci, fankar kuma da kyar take ɗauka ko a ƙasar sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, za ta yi ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. i7-4702MQ ita ma zuciya huɗu gare ta, amma wat 37 take ci, daidai da i5 ɗin da za a cire daga na'urar. A goge busasshen man sanyaya da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a nemi cajar wat 90 ta asali. Jabun caja, a garin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, ita ke cinye uwar da aka sha wahalar nema. Bayan kowane hunturu a buɗe murfin ƙasa, a T440p kusoshi biyu ne, a riƙe fankar da yatsa a hure ƙurar da ta toshe ragar tagulla.

Abu ɗaya da ya kamata mai saye ya ji tun kafin ya kashe sefarsa: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, waɗannan kuwa na biyu ne zuwa na huɗu. Linux Mint, madadin Windows, na tafiya a kansu lafiya lau, da LibreOffice a madadin Word da Excel. Wanda aikinsa ya rataya kan manhajar da sai a Windows take tashi, ya nemi T480 mai zubi na takwas. Ita ma gilashinta eDP ne mai haƙora 30, sai dai ƙwaƙwalwarta a like take.

Wassalam.

Wasu masu gyaran kwamfuta,
Maradi