Wasiƙa Ga Iyaye: Batun Abinci Mai Zafi a Leda

Assalamu alaikum. Iyaye da masu riƙon yara, muna gaishe ku da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri.

Maganar da muka yi a taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce zan sake tayarwa, don da alama ta bi iska. Daga ranar Litinin, ba yaron da zai shigo da abinci mai zafi a leda ko a farar robar nan ta tekawe. Wanda ya zo da shi, za a juye masa a kwano tun daga bakin ƙofa, a kuma rubuta sunansa.

Ku leƙo lokacin tara ku gani da idonku. Yaro ya huda gindin leda da haƙori yana zuƙar koko, ledar ta yi laushi don zafi har tana manne masa a yatsu. Wata kuma ɗanwake ne a baƙar leda, mai ya jiƙe ta sharkaf. To zafi da maiƙo su ne ke sa sinadaran jikin roba su saki su shiga abinci. Baƙar leda kuwa tun asali ba don abinci aka yi ta ba, galibi tsofaffin robobi ake narkawa a yi ta. Da yake ba a ranar take kwantar da yaro ba, sai aka raina abin. Iyayenmu mata, har da alalen da ake ƙullawa a leda a jefa cikin tafasasshen ruwa. A koma ganye ko ƙananan kwanonin silba, don Allah.

Wani uba ya tare ni yana cewa ai gwamnati ba ta hana ba. To a Legas ta hana farar robar tekawe tun Janairun 2024. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, duk da su galibi ƙazantar gari da toshewar magudanai suka duba. Tarayyar Turai kuma ta hana sinadarin BPA, wanda ake haɗa wasu robobi da shi, a fidar jarirai tun 2011. Mu dai ba sai doka ta iso ƙofarmu za mu kula da yaran da kuka ba mu amana ba.

A zubo abinci a kula ko kwanon silba mai murfi. In roba ce ta zama dole, a juya gindinta a duba lambar da ke cikin ɗan alwatikan nan: mai lamba 5 tana jure zafi, mai lamba 1, wato gorar ruwa da lemo, ba a zuba mata abu mai zafi. Fiya wata a duba lambar NAFDAC a jikinta, kada kuma a sayi wadda ta yini a rana. Masu tallan zoɓo da kunun aya na bakin ƙofa mun zauna da su, sun san ba mu yarda da gorunan tsintuwa ba. Mai ba yaro kuɗin tara ya riƙa tambayarsa abin da ya saya.

Jinjina ga malamar aji uku, wadda tun kafin a yi magana ajinta kowa da kwanonsa yake zuwa. Haka Baba maigadi, da ya daina hura gawayi da leda daga faɗa sau ɗaya. Akwai malaman da har yanzu nake ganin tekawe a kan teburinsu. Sun san kansu.

Sauran kuɗin makaranta a kammala kafin jarrabawa. Makara ta dawo, musamman ranar Juma'a. Rigunan sanyin da aka tsinta suna ofis.

Naku,
Shugaban Makaranta