Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan maganar ƙaninsa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka.

Saƙonka ya iso, na kuma ji shawarar da ka yanke ta kulle ƙaninka a ɗaki har sai ya rabu da giya. Na san kishi ne da ɓacin rai suka kai ka nan, kuma ni ma tun da na ji ban runtsa da kyau ba. Amma don Allah ka dakata. Kafin ka sa kwaɗo a ƙofar nan, sai ka san wane irin mashayi ne a gidanka, domin iri biyu ne, kuma abin da zai yi wa ɗaya magani yana iya kashe ɗaya.

Akwai mai yawan sha. Ranar albashi ko daren Asabar zai bi abokai ya yi tatul, ya dawo yana tangaɗi, gari ya waye da ciwon kai. Amma idan aljihu ya bushe, ko azumi ya kama, zai yi wata guda bai kurɓa ba kuma jikinsa lafiya ƙalau. Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa giram 60 na tsantsar barasa a zama ɗaya a matsayin sha mai haɗari, kuma manyan kwalabe uku sun wuce haka. Hatsarin mota, hawan jini da ciwon hanta ba sa jira sai mutum ya kamu. Ga haramci a kai. Sai dai irin wannan, nasiha da sauya abokai da tsoron Allah suna iya juyo da shi, don har yanzu linzamin yana hannunsa.

Na biyun shi ne wanda giyar ta shiga jikinsa, likitoci kuma cuta suka ɗauke ta. Ba da yawan kwalabe ake gane shi ba. Wani ma ba za ka taɓa ganinsa a buge ba. Ka lura da shi da sassafe. Idan ka miƙa masa shayi, kofin yana rawa a hannunsa har ya zuba? Yana zufa ana sanyi, yana yunƙurin amai, sai ya zagaya bayan gida ya dawo ka ga ya daidaita? Abin da ke bugar da shi bara, bana ko gezau? Ya sha rantsuwa ya bari, yana kuka da hawaye na gaskiya, kwana biyu ya koma? Ya fara fifita ta a kan aiki da abinci da sallah? In haka ne, ba taurin kai kaɗai kake yaƙi da shi ba.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Jikin da ya saba da giya kullum, in aka yanke ta farat ɗaya, karkarwa na farawa cikin awanni kaɗan. A kwana ɗaya zuwa biyu yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wajen kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan ruɗe, su riƙa ganin ƙwari da macizai a bango, da zazzaɓi, zuciya na bugawa da ƙarfi. Mutane za su ce aljanu ne. Wannan hali yana kisa, shi ya sa a asibiti ake raba irin su da giya, da maganin kwantar da jijiyoyi da ake ragewa sannu a hankali, da ƙarin ruwa da bitamin. Maganar gidan mari kuwa kada ma ka tayar da ita; kowa ya ga abin da aka fito da shi daga irin gidajen nan a Kaduna da Katsina a 2019.

Ka tuna sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) a kan giya, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ka zauna da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku biyu, ba a gaban matarka ko yara ba. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya yi kwana uku bai sha ba, da abin da ya ji a jikinsa. Ko wace amsa ya ba ka, ka raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ka ce masa ya gaya wa likita ainihin abin da yake sha, har da ƙwayoyi in akwai. In ka ga ya fara jijjiga ko sambatu kafin nan, ko da tsakar dare ne, ka ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa.

Kuɗin kati da na magani zan turo. Mahaifiyarku ba ta sani ba tukuna, ka bar mini wannan. Ka kira ni da zarar kun ga likita.

Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya mana shi.

Mahaifinka