Wasiƙa zuwa ga 'yata da ta fara aiki a sashen ido a Marwa

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso mu nan Garwa. Kin ce abin da ya fi ɗaure miki kai shi ne mutumin da zai zo ba ya gani, ki duba idon tas, babu yana, babu ja, babu amosani. Irin wannan mara lafiyan nake so mu yi magana a kansa, domin shi ne aka fi sallama da maganin ɗigawa alhali cutar tana bayan idon, a jijiyar gani ko a ƙwaƙwalwa.

Fara da tambaya, kuma ki ba ta lokaci. Ido ɗaya ne ko biyu? Farat ɗaya ganin ya tafi, ko cikin kwanaki, ko watanni? Wanda ya ce duhu ya sauko masa kamar labule na 'yan mintoci sannan ya yaye, wannan maganar jini ce, gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. A auna masa hawan jini da suga a ranar. Matashiya da ganinta ya dushe cikin kwana uku zuwa mako, idon na ciwo in ta juya shi, kumburin jijiyar gani ne ake zargi. Amma a ƙasarmu kada ki yarda a ɗora ta kan kotizon, maganin rage kumburi, kafin a gwada tunjere, ƙanjamau da tarin fuka.

Ki sa su zazzage ledar magunguna a gabanki. Mai shan maganin tarin fuka yana haɗiyar etambutol, wanda ke iya taɓa jijiyar ido biyun a hankali, musamman in ƙoda ta raunana. Launin ja da kore ne ke fara rikicewa, kuma in an tsayar da shi da wuri gani kan dawo. Kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, in ya wuce kima yana makantarwa. Haka barasar arki da aka gurɓata da metanol, wani sinadari mai guba. Ki yi tambayar shan nan a keɓe, ba a gaban 'ya'yansa ba. Wanda ya taso daga wajen Tuboro kuwa, ki tuna da makantar kogi, wadda cizon baƙin ƙuda na bakin kogi ke kawowa.

Sannan gwaji. Auna kowane ido shi kaɗai, ki maimaita ta ɗan rami kamar na tsinken allura a jikin kati. In gani ya gyaru ta ramin, tabarau yake bukata. In bai gyaru ba, ɗauko tocila.

Gwajin tocilan nan ki riƙe shi da hannu biyu. Rage hasken ɗaki, ya kalli nesa. Haska ido ɗaya daƙiƙa biyu zuwa uku, ki tsallaka da sauri zuwa ɗayan, ki yi ta komawa. Ɗigon tsakiyar baƙin ido ya kamata ya tsuke duk inda haske ya sauka. In kin zo kan wani idon ya buɗe maimakon ya tsuke, jijiyar wannan idon ba ta kai saƙo yadda ya kamata. Yana, komai kaurinta, ba ta kawo wannan alama. In kin ga alamar a mai yana, akwai wani abu a baya, kada a yi masa alkawarin aiki zai dawo da gani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗiga maganin buɗe ido tun a bakin ƙofa, shi ke nan an goge alamar.

Daga nan ki zauna gabansa tazarar mita ɗaya, ya rufe ido ɗaya, ya kalli hancinki, ki nuna yatsu a kusurwa huɗu. In gefen waje ya ɓace a ido biyun, ƙari ne ke danna mahaɗar jijiyoyin biyu, galibi daga ɗan ƙullin da ke gindin ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki. Irinsu ne babur ke fito musu daga gefe ba su gani ba. Tambayi mace ko al'adarta ta tsaya, ko nono na zuba ba ta da goyo. In kuma ɓangaren dama ne ya ɓace a duka biyun, matsalar tana hagun ƙwaƙwalwa.

Leƙa bayan ido ko da kin gaji. Kan jijiya da ya kumbura a ido biyu, ga ciwon kai na asuba, amai, da ƙara a kunne, matsi ne ya yi yawa cikin ƙoƙon kai. Auna hawan jini nan take, a tura shi hoton sikana, kuma kada a ɗebi ruwan ƙashin baya don gwaji kafin hoton.

Mai ganin abu biyu-biyu, rufe masa ido ɗaya; in ya koma ɗaya, jijiyar motsi ce ko tsoka. Fatar ido da ta faɗi, ido ya karkata waje da ƙasa, ɗigon ya buɗe, ga ciwon kai mai tsanani: wannan ba ya kwana, domin jijiyar jini ce mai yiwuwa ta kumbura tana shirin fashewa. Fatar da ke faɗuwa da yamma ta miƙe da safe, ɗora mata ƙanƙara minti biyu. In ta ɗaga, raunin tsoka ne mai magani. Dattijon da ya haura 50, gefen kansa na ciwo, muƙamuƙi na gajiya wajen tauna tuwo, shi ma a ranar zai ga likita, ko da cutar ba ta da yawa a wajenmu, don ido na biyun na iya bi cikin kwanaki.

Takardar turawa ki rubuta ta da Faransanci dalla-dalla: ma'aunin kowane ido, abin da tocila ta nuna, gefen da ya ɓace. Ki kuma yi wa iyalin bayani da Hausa ko Fulatanci dalilin gaggawar, domin kuɗin mota da na hoto ba ƙanana ba ne, kuma wanda bai gane ba gida zai koma.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta haɗo miki yaji da kilishi. Na sa ƙaramar tocila da batir a cikin ƙunshin. Allah ya yi miki albarka, ya sa waraka a hannunki.

Mahaifinki.