Tsadar Kayan Gyara Na Asali Ta Durƙusar Da Masunta Da Direbobi A Sudan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata matsala da ba kasafai ake ambatonta ba idan ana lissafa wahalhalun da suka sami mutanen Sudan, wato tsadar kayan gyara na asali, na motoci da na injinan jiragen ruwa. Ni makanike ne a garin Rusayris da ke jihar Blue Nile, kuma galibin masu kawo mini aiki 'yan'uwanmu Hausawa ne, masunta da masu fito a tafkin madatsar ruwa, sai direbobin raksha, wato babur mai ƙafa uku, da na motocin ɗaukar kaya da ke zirga-zirga tsakanin Damazin da Sinja da Sinnar. Tun da aka kafa garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 mutanenmu suke bin gaɓar kogin nan na Blue Nile, kuma har yau duk inda aka tare ruwa a ƙasar nan, ko a Sinnar ko a Jabal Auliya ko a Khashm al-Girba, za a tarar da Bahaushe da komarsa. Da aka ƙara wa madatsar Rusayris tsayin mita 10, aikin da aka kammala a farkon 2013, tafkin ya yi faɗin da filafili ba ya ratsa shi da sauƙi, inji ya zama dole ga duk mai son ya kai inda kifi yake, ya dawo gaɓa kafin kifin ya lalace.

Asalin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Daga fulogi har fistin sai an sayo daga waje, da dala ko da riyal ɗin Saudiyya ko da dirhamin Dubai. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa kusan 375 a hukumance. Ana gab da ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023 tana wajen fam 600, amma kafin shekarar 2024 ta ƙare ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage, kuma ba ta tsaya nan ba. A irin wannan hali ɗan kasuwa yana yanka wa kayansa kuɗin da yake tsoron zai tarar idan ya koma saro, kuma ban ga laifinsa ba, domin wanda ya sayar a tsohon farashi jarinsa ya ci. Sai dai masunci da fam yake sayar da karfasa da giwan ruwa, kuma masu sayen ma aljihunsu ya bushe. Ga kuɗin kwastam, wanda ake lissafawa da farashin dalar da hukuma ke ɗagawa lokaci bayan lokaci, ga kuɗin dakon jiragen ruwa da ya ƙaru tun da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, ga abin da ake karɓa a shingayen hanya daga Bur Sudan, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar, zuwa nan.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin dala. Kafin yaƙi manyan dilolin kayan gyara da rumbunansu suna unguwannin masana'antu na Kartum da Bahri da Umdurman, inda makanike zai aika da lambar abin da yake nema, ya zo masa a motar haya, tare da tabbacin cewa idan bai dace ba za a canza masa. An wawushe waɗannan rumbuna, an ƙone wasu, kuma waɗanda suka tsira da ɗan jarinsu sun watsu zuwa Bur Sudan da Atbara da Gadarif, wasu sun ƙetare zuwa Masar. Da aka kama Sinja a tsakiyar 2024 hanyarmu ta yanke har zuwa watan Nuwamba, kuma farashin da ya hau a waɗancan watanni bai sauko ba bayan an buɗe ta. Dilolin da muka sani muka amince da su sun tafi, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa yau suna nan, gobe babu su.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, domin tsada ita kaɗai mutum zai iya jure mata idan ya san abin da ya saya. A da kaya iri uku ne a kasuwa, kowanne da sunansa da kuɗinsa: na asali daga kamfanin da ya ƙera injin, na tijari wanda wani kamfani daban ya yi kuma bai ɓoye sunansa ba, sai na tashlih da ake kwancewa daga tsofaffin motoci, galibi a shigo da shi daga Sharja ko Jidda. Mai ƙaramin ƙarfi yana sayen na tijari da saninsa, ya san zai yi masa wata shida maimakon shekara biyu, kuma babu zalunci a cikin wannan ciniki. Yanzu kuwa jabu ne ake zubawa a kwali mai tambarin Toyota ko Yamaha ko Bajaj, a rage masa kuɗi kaɗan daga na asali, don mai saye ya ɗauka sauƙi aka yi masa. Da kunya nake faɗa, a cikin abokan sana'armu akwai masu tara kwalayen na asali bayan sun ɗaura kayan, su sayar wa yaran da ke bi gareji-gareji suna nema, alhali kowa ya san abin da za a zuba a ciki.

Bari in ba da misali da abin da na fi gani a kan teburin aikina. A ƙasan injin kwale-kwale, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40 da masuntanmu suka fi amfani da shi, akwai wata 'yar farfela ta roba wadda tafin hannu ke rufewa, ita ce ke tura ruwan kogi sama ya sanyaya injin. Ta asali laushi gare ta, idan aka lanƙwasa fikafikanta sai su miƙe da kansu. Ta jabu tauri gare ta, kuma ruwan damina na kogin nan, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Habasha jajawur da laka da yashi, ba ya ba ta makonni da yawa kafin fikafikan su kakkarye, gutsattsarinsu su toshe hanyar ruwa. Alamar kawai ita ce ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan injin ya ɗauke, kuma mutumin da ke tafiya da asuba, hankalinsa na kan taru, ba ya waiwaye. Kafin ya farga injin ya yi zafi, fistin ya kama, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar tafki da kifi a ciki, wani lokaci da mata da yara masu fito zuwa kasuwa. Gyaran da zai biyo baya ya ninka kuɗin farfelar ta asali sau da yawa, ga kwanakin zaman banza, ga bashin fetur. Araha ba ta ado, amma mutumin nan ko arahar bai samu ba, kusan kuɗin na asali ya biya.

Haka abin yake a mota. Na yanka matatar baƙin mai ta jabu a gaban mai ita, muka tarar da takarda 'yar shara-shara da ta riga ta yage, ma'ana duk tsawon lokacin nan ƙazanta ce ke zagayawa cikin injin. Takalmin birki na jabu kuwa, idan ya ɗauki zafi fatarsa na iya ɓantarewa daga ƙarfen, kuma wanda ya san yadda ake loda wa boksi, wato motar a-kori-kura, buhunan gawayi da fasinjoji a sama ya san abin da hakan ke nufi.

Saboda haka ba na tare da masu cewa talaka ne ke jawo wa kansa don yana son banza. Mutumin da iyalinsa ke jiran kamun yau ba zai iya ajiye jirgi wata guda yana jiran kaya daga Bur Sudan ba. Abin da nake faɗa wa masu kawo mini aiki shi ne su bambanta tsakanin abin da rai ya rataya a kansa da wanda bai kai haka ba. Madubi da fitila da murfin inji, a sayi na tijari ko na tashlih, babu komai, hasali ma ƙarfen da aka kwance daga tsohuwar motar Japan ya fi sabon jabu aminci nesa ba kusa ba. Amma birki da kayan sitiyari da farfelar ruwa da matatar mai, gara a ci bashi a sayi na asali daga hannun wanda aka san shagonsa, a kuma nemi rasit mai ɗauke da lambar kayan.

Ga hukuma, roƙona shi ne a daina ɗaukar injin masunci da kayan gyaran motar haya kamar kayan ƙawa wajen yanka kuɗin kwastam, domin kayan neman abinci ne, kuma duk abin da aka ɗora musu a tashar jirgi a kan farashin kifi da dawa yake sauka. Ƙasar nan tana da hukumar kula da ingancin kayayyaki da ma'aunai, kuma tun da kusan duk abin da ke shigowa ta Bur Sudan da Sawakin yake bi, tare jabu a ƙofar shigowa ya fi sauƙi a kan farautarsa shago-shago bayan ya watsu. Kamfanonin da ake buga tambarinsu a kwalayen ƙarya su ma suna da aiki, su naɗa wakilan da aka sani a manyan garuruwan jihohi, su bayyana farashinsu a fili, don mai saye ya sami abin da zai auna da shi.

Mu kanmu akwai abin da ke hannunmu wanda ba sai mun jira kowa ba. Da wuya a sami gidan Hausawa a nan da ba shi da ɗan'uwa a Jidda ko Makka ko Madina, inda wakilan waɗannan kamfanoni suke da shaguna, kuma jiragen fasinja da kaya suna tasowa daga Jidda zuwa Sawakin. Idan masuntan gaɓa ɗaya suka haɗa kuɗi a hannun sarkin ruwansu, makanike ya rubuta musu lambobin kayan da suka fi lalacewa, aka aika wa amintaccen mutum ya sayo a dunƙule kafin faɗuwar damina, kuɗin dako zai rabu a kan mutane da yawa, kuma kowa zai san inda kayansa suka fito. Ina kira ga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da ke karanta wannan jarida da su taimaka da wannan ɗawainiya idan an neme su, su sayi kayan a shagon wakilin kamfani, su ɗauki hoton rasit su aiko tare da su. Abokan sana'ata kuma ina roƙonsu, duk wanda ya ɗaura kayan asali ya yaga kwalin a gaban mai motar ko mai jirgin kafin ya bar garejin.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya taimaki wannan jarida.

Wassalam.

Daga wani makaniken injinan ruwa da motoci,
Rusayris, jihar Blue Nile, Sudan.