An kori ƙanwata saboda juna biyu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ƙanwata tana aiki a wani shagon atamfa a Adum, unguwar kasuwanci a birnin Kumasi na ƙasar Gana. Cikinta na kai wata 5, mai shagon ya miƙa mata kuɗin wata a ambulan, wai ta je ta huta. Ta dawo gida da kuka, dattawa suka ce a bar wa Allah.

Ni dai ban bari ba. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta hana korar mace saboda ciki, ta kuma ba ta hutun haihuwa na aƙalla mako 12 da albashinta. Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa kan sa a mayar da ma'aikaciya aiki ko a biya ta diyya. Can muka kai ƙara, da saƙonnin WhatsApp ɗin da mai shagon ya turo mata.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi