Marubutanmu, ina labarin mai gurasa da kyanwarta?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wani nau'in ƙagaggen labari da na daɗe ina karantawa a nan Jidda, wanda nake ganin marubutan Hausa sun wuce shi ba su waiwaya ba, alhali kayan haɗinsa na zube a tsakar gidajenmu.

Labarin gano mai laifi ne, sai dai mai binciken ba ɗan sanda ba ne, ba ta kuma riƙe da bindiga. Galibi mace ce mai sana'arta a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, kuma ko da an yi kisa ba a baje wa mai karatu jini ko batsa, hankalinsa kawai ake gwadawa. Agatha Christie ta Ingila ce ta fi yi wa salon suna da tsohuwar nan Miss Marple, wadda littafi na farko a kanta ya fito a 1930, kuma fassarar Larabci ta littattafan tana nan a shagunan littattafai na Jarir, inda ni ma na fara cin karo da su. Daga baya Amurkawa suka ƙara masa gishiri. Lilian Jackson Braun ta fara jerin littattafanta a 1966, na wani ɗan jarida da kyanwoyinsa, har suka kai 29, sannan a shekarar 2000 Joanne Fluke ta zo da mai shagon gasa kek da biskit, tana saka bayanin yadda ake haɗa kowane abu a tsakanin babi da babi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda muke warware ɓacewar abu a labaranmu, har ma a gidajenmu. Da zarar an nemi kaya an rasa, sai a doshi boka ko mai duba, shi kuwa ya nuna wanda ba shi da gata. Na ga haka da idona a wani gidan biki na dangi a Makka, inda zoben amarya ya ɓace aka ɗora wa yarinyar da ke taya aiki, ta yi kuka har muryarta ta dushe, bayan kwana uku sai ga zoben a ƙasan kwandon wanki. Da a ce wata daga cikinmu ta tsaya ta tambayi wanda ya shiga ɗakin da lokacin da ya shiga, da ba a ci mutuncin baiwar Allah ba. Irin wannan tambayar ce ginshiƙin waɗannan littattafai.

A duba mace mai yin gurasa a tanderu, ko mai alkaki da dubulan da ake kira gidan biki da suna. Tana shiga har ƙuryar ɗaki ba a yi mata shamaki, tana jin abin da ake faɗa a madafa wanda ba za a taɓa faɗa wa hukuma ba, ta san wadda adashi ya yi wa nauyi da wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye. A ce an rantse ba a buɗe ɗakin kayan lefe ba tun la'asar, ita kuwa ta lura da sawun kyanwarta ɗauke da garin fulawa a kan dardumar ɗakin, alhali sai bayan magariba ta fara kwaɓi. Ai ƙofa ta buɗu, saura a san hannun da ya buɗe ta. Kyanwar ba ta yi magana ba, ba ta kuma rikiɗa ba, kwanciyar ɗaukar rai kawai take yi a gefen tanderu.

Wannan ma gyara ne, domin a yawancin labaranmu baƙar mage ba ta fitowa sai a matsayin mayya ko aljana. A nan Hijaz kuwa za ka ga mutane suna ajiye wa kyanwoyin unguwa ruwa da abinci a bakin ƙofa, kuma kowane ɗalibi ya san dalilin laƙabin Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, wato mai 'yar kyanwa, da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ta hana ta abinci.

Na san wani zai ce wannan ai koyar da gulma da bin diddigin mutane ne, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana. Maganarsa tana da nauyi, shi ya sa dole marubuci ya sa jarumarsa ta motsa ne don wanke wanda aka zalunta, ta kuma rufe asirin da bai shafi laifin ba, domin aya ta 6 ta wannan surar ce ta umarce mu da tantance labari kafin mu cutar da wasu cikin rashin sani. Ba kuma lallai ne a yi kisa ba. Ni kaina nakan yi dariyar ƙauyen Turawa da ake tsintar gawa a cikinsa duk wata. Kuɗin adashi, gwal na amarya da takardar fili sun ishe mu.

Roƙona ga jaridarku shi ne ta buɗe wa irin waɗannan gajerun labarai fili mako-mako, tare da cikakken bayanin girkin da jarumar ta yi, da awo na gaskiya. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun fi sanin burodin tamis da biskit ɗin ma'amul, kuma 'yata ta tambaye ni awon alkaki sau biyu ina cewa sai kakarta ta zo Umara.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Jidda, Saudiyya.