Cocin katako da ya haura shekara 800 a Norwe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da idona ya gani a Borgund da ke ƙasar Norwe, don har yau abin bai bar raina ba. Coci ne na katako zalla da aka gina wajen shekarar 1180, kuma yana nan tsaye ƙyam.

Tun kafin ka shiga ƙamshin kwalta zai fara tarbarka, ginin baƙi ƙirin kamar an ƙona shi, rufin hawa-hawa, a can sama ga kawunan dodanni sun miƙo wuya ga kuma gicciye a ƙasa da su. Ciki kuwa duhu, hasken ta ƴan ƙananan ramuka yake shigowa, sai da na ɗan jima idona ya saba sannan na ga rubutun mutanen da, wanda suka karta a jikin bango. Wallahi jikina yayi sanyi.

Ni abin da ya tsaya min shine ya aka yi katako bai ruɓe ba a ƙasar da ruwa da ƙanƙara basa ɗaga ƙafa? Ashe maginan basu binne ginshiƙan a ƙasa ba, sun ɗora su ne kan manyan katakai da ke zaune bisa duwatsu, danshi baya kaiwa gare su, sannan ana ta shafe ginin da kwaltar da ake samu daga wani itace da ake kira fayin (pine), wannan ya shafa ya mutu wani ya ɗauka, haka dai har zuwa yau.

Amma fa ba duka suka tsira ba. Da can irinsu sun haura 1,000 a ƙasar, yanzu saura 28. Annobar 1349 ta kwashe jama'a, dokar 1851 kuma ta ce dole kowane coci ya iya ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na mabiyansa, sai aka dinga rushe ƙananan. A Borgund sabo suka gina a gefe a 1868, ƙungiyar kare kayan tarihi ta sayi tsohon a 1877. Irinsa na Fantoft da ke birnin Bergen kuwa wuta aka cinna masa a 1992, wannan kam ya ƙona min rai sosai, shekaru ɗaruruwa a dare ɗaya.

Roƙona ku dinga kawo mana labarin irin waɗannan gine-gine, musamman masu aikin shafa kwaltar nan da ba a cika jin labarinsu ba.

Naku,
Mai karatu a kullum